Me ya sa mai bin sawun masu kisa kullum yake ɗauke da ciwo?

Wata ɗaliba daga Tawa ta aiko mini da tambaya. Ta ce ta karanta littattafai huɗu ko biyar na Faransanci, irin waɗanda ake farautar mutumin da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowanne, gwanin da ƴan sanda ke kira ya karanta musu halin mai laifin shi ma ba lafiya gare shi ba: ko barci ya ƙaurace masa, ko aurensa ya mutu, ko kwalba ta riƙe shi. Tana so ta san ko haka abin yake a zahiri, ko kuwa gishirin marubuta ne. Ta ƙara da cewa tana da niyyar rubuta irinsa da Hausa, labarin ya faru a Tawa ko a Yamai, amma tana tsoron kada ya fito kamar rigar aro.

Ɗiyata, kin taɓo abin da ya daɗe yana cina. Ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a nan Yamai, alƙali kan naɗa ni lokaci-lokaci in duba wanda ake tuhuma in rubuta masa rahoto, littattafan nan kuwa tun ina saurayi nake tsintarsu wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a gefen Babbar Kasuwa. Ciwon da kika gani gaskiya ne, na gan shi a jikin wasu, na kuma ɗanɗana kaɗan daga cikinsa. Inda marubuta ke sa ƙarya shi ne wajen nuna cewa ciwon ne ke ba mutumin basira.

Faransawa suna ce wa mai wannan aiki profileur. Ni mai bin sawu nake ce masa, don a nan na fara ganin aikin tun ban san akwai shi a littafi ba. Ina yaro a ƙauyenmu, cikin duwatsun Adar, aka wayi gari babu san wani maƙwabcinmu. Aka kira wani tsoho da aka sani da bin sawu. Da zuwansa ya kori kowa daga bakin turke, har mai san. Ya tsuguna ya daɗe, yana zagaye wasu sawaye da tsinke. Da ya miƙe ya ce mutum biyu ne, babba mai jan ƙafar hagu, da yaro, don takunsa gajere ne. Ya ce ba jan san aka yi ba, da kansa ya bi su, don babu inda kofato ya turje. Ke nan ya san ɗaya daga cikinsu. Ya ce kuma sun kauce wa gidan da ke da kare, alhali ta nan hanya ta fi kusa. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma a gari guda cike da magidanta, ya bar mu da gida uku ko huɗu. Iyakar aikin ke nan, ko a Adar ko a Amurka: a rage yawan waɗanda ake zargi, a nuna wa masu bincike ƙofar da za su fara ƙwanƙwasawa.

Na littafi sawun hali yake bi. Yakan fara da mamacin: wane ne shi, ina yake zuwa, wa zai iya kusantarsa bai yi ihu ba, me ya sa shi ba wani ba. Sannan ya raba abin da aka aikata gida biyu. Akwai dabara, wato abin da mai laifi ya yi don aikin ya yiwu kuma ya tsira, kamar zaɓen dare ko ɗaure hannu; ita tana sauyawa, don mugu ma yana koyo daga kuskurensa. Akwai kuma tambari, abin da aikin bai buƙata ba amma zuciyar mai yin ta buƙata, kamar rufe fuskar gawa da zane, ko ɗauke ɗan kunne guda a bar ɗayan. Sai kuma wuri. Yawancin masu maimaita laifi ba su yin nisa da inda suka saba: gida, wurin aiki, ko hanyar da ke tsakaninsu. Da irin wannan lissafi na taswira masanin halayya David Canter ya taimaki ƴan sandan Ingila a 1986 suka mai da hankali kan John Duffy, wanda ke far wa mata kusa da tashoshin jirgin ƙasa, bayan sunansa ya daɗe kwance cikin dogon jerin waɗanda ake zargi.

Aikin ya girmi littattafan. Tun a 1888 wani likitan ƴan sanda, Thomas Bond, ya duba gawar ɗaya daga cikin matan da aka kashe a unguwar Whitechapel ta Landan, ya rubuta yadda yake zaton mai kisan yake. A 1972 hukumar FBI ta buɗe sashen nazarin halayya a makarantarta ta Quantico, kuma daga ƙarshen shekarun 1970 jami'anta biyu, John Douglas da Robert Ressler, tare da malama Ann Burgess, suka tattara hirarraki da masu kisa 36 a gidajen kaso. Daga nan aka samo rabon da kika gani a kusan kowane littafi: mai kisa mai tsari, wanda ke shirya komai ya share sawunsa, da marar tsari, wanda ke afkawa ya bar komai a warwatse. Marubuci Thomas Harris ya je ya saurari jami'an nan, ya fitar da littafin da kika sani da suna Dragon rouge a 1981. Jaruminsa Will Graham ya bar aiki, ya koma bakin teku yana gyaran injin kwale-kwale, da tabon wuƙar mai kisa Hannibal Lecter a cikinsa, ga shi ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa bayan ya harbe wani mai kisa. Sai tsohon maigidansa ya zo da hotunan iyalai biyu da aka hallaka, ya roƙe shi ya dawo. Waɗanda suka biyo baya, daga Tony Hill na Val McDermid a 1995 zuwa Joshua Brolin na Maxime Chattam a 2002, duk suna da jinin Graham a jikinsu.

Dalilin marubuta kuwa, Hausawa sun riga su faɗa: mugu shi ya san makwancin mugu. A kan wannan magana aka gina nau'in gaba ɗaya. Idan jarumi zai shiga kan mai kisa ya kalli duniya da idonsa, dole mai karatu ya tambayi kansa ina ya samo mabuɗin. Abin da ke hana ki ajiye littafin har kiran assalatu ba tsoron kisa na gaba ba ne kaɗai. Tsoro ne kada mafarauci ya gano cewa shi da abin farautarsa jirgi ɗaya ya kwaso su. Akwai kuma dalili na sana'a, don gwanin da ba shi da rauni zai gama bincike tun shafi na goma, kuma ba a tausayin wanda ba ya asarar komai. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan.

Kuma masu aikin na gaske sun biya da jikinsu. A watan Disamba na 1983 Douglas yana birnin Seattle kan binciken kashe-kashen Green River, da fayil fiye da 100 a wuyansa lokaci guda, sai da aka fasa ƙofar ɗakinsa na otal aka same shi a ƙasa. Ƙwayar cuta ce ta kumbura masa ƙwaƙwalwa, ya yi kwanaki bai san inda yake ba, yana ɗan shekara 38. A nahiyarmu akwai Micki Pistorius ta Afirka ta Kudu, wadda ta shiga aikin ƴan sanda a 1994, ta yi aiki kan masu kisa fiye da 30, ta ajiye a 2000, ta kuma rubuta da hannunta yadda aikin ya cinye ta. Masana sun san abin sarai: rauni ne da mutum ke kwasowa daga raunin wasu, kuma yana kama likitoci da alƙalai da ƴan jarida kamar yadda yake kama ƴan sanda.

Ga nawa. Wata rana a wani gidan kaso, cikin ɗan ofis mai tebur ɗaya da fankar da ba ta juyawa, na zauna awa uku da wani mutum da ake tuhuma da kashe yaron maƙwabcinsa. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyalina. Ya ba ni labarin da irin muryar da ake faɗin kuɗin tiyar hatsi. Ba bayanin kisan ne ya tsaya mini a rai ba. Cewa ya yi a hanya yaron ya riƙe masa ɗan yatsa, don yana tsoron karnuka. Da na koma gida, autana ya taho da gudu ya kama yatsana yana jana in ga abin da ya zana a ƙasa. Na fizge hannuna. Yaron ya tsaya yana kallona, bai yi kuka ba, ya koma wajen uwarsa. Wata biyu ina hana yara zuwa ko shagon bakin layi, ina tada faɗa a kan ƙofar da aka bari buɗe, ina farkawa ƙarfe uku na dare zuciyata na bugawa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, rahotannin da na rubuta cikin wata biyun nan sun fi duk na sauran shekaruna rauni. Kowa aka kawo mini sai in ga mugu. Da na sake karanta su daga baya, na ga tsoro ne ke riƙe da alƙalamin. Haƙurin matata, da wani abokin aiki da na zauna na amayar masa da abin da ke cikina, da rage aiki, su suka dawo da ni.

To, in ba ciwon ba, me ke kama mai laifi? Labarin da aka fi yi wa ado shi ne na James Brussel, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Niyok. Wani ya yi ta dasa bama-bamai a birnin tun 1940. A ƙarshen 1956 Brussel ya duba wasiƙunsa ya ce namiji ne mai matsakaicin shekaru, mai tsananin tsafta, bai yi aure ba, kuma ranar da za a kama shi zai sa kwat mai maɓallai layi biyu, a ɗaure. A Janairun 1957 aka kama George Metesky a gidan da yake zaune da yayyensa mata biyu, ya shiga ɗaki ya fito da irin kwat ɗin. Abin da ba a cika faɗa ba, wadda ta tono shi ma'aikaciyar kamfanin lantarki ce, Alice Kelly, da ta yi ta bin tsofaffin fayilolin ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, har ta ci karo da kalmomi irin na wasiƙun. Waɗanda suka bi diddigi daga baya sun nuna cewa a littafinsa Brussel ya baje hasashen da ya dace, ya yi shiru da wanda ya kauce. Mai kisan Green River, Gary Ridgway, sai a 2001 aka kama shi, ta gwajin ƙwayoyin halitta, ya kuma amsa kisan mata 48 a 2003. A 2002, da ake ta harbe mutane daga nesa a kewayen Washintan, masana sun cika talabijin da cewa farar fata ne shi kaɗai. Da aka kama, baƙaƙen fata ne biyu, babba da yaro ɗan shekara 17.

Wanda ya fi tada mini hankali ya faru a Landan. A 1992 aka kashe wata matashiya a filin shaƙatawa na Wimbledon, a gaban ɗanta ɗan shekara biyu. Siffar da wani masani ya zana ta sa ƴan sanda suka kafe a kan wani mai suna Colin Stagg, har suka tura masa ƴar sanda ta yi shigar mai sonsa don ta ja bakinsa. Ya yi sama da shekara a tsare kafin alƙali ya yi watsi da ƙarar a 1994. Mai laifin na gaske, Robert Napper, ya kashe wata mata da ƙaramar ɗiyarta a 1993, lokacin da duk ido ke kan wani, kuma sai a 2008 ya amsa kisan matashiyar Wimbledon. Shi kansa rabon mai tsari da marar tsari, Canter da abokan aikinsa sun gwada shi a 2004 kan masu kisa 100, ba su ga mutane sun rabu gida biyu haka ba. Kusan kowa na ɗauke da alamun ɓangarorin biyu. Harris ma, in kin tuna, bai bar baiwa ta warware labarinsa ba. Graham ya yi ta maimaita kallon finafinan gida na iyalan nan biyu, har ya gane cewa mai kisan ya san abubuwan da sai wanda ya kalli finafinan zai sani, daga nan aka bi sawu zuwa kamfanin wanke fim. Naci ne ya yi aikin, irin na tsohon ƙauyenmu da tsinkensa.

Yanzu zancen rubuta naki. Zai zauna daram, in dai ba ki ɗauko Quantico kika dasa a unguwar Bukoki ta Yamai ba. Tsarin shari'armu daga Faransa muka gaje shi. Gawa in an tsince ta cikin gari aikin ƴan sanda ne, a karkara na jandarmomi. Su sanar da mai gabatar da ƙara, shi kuma a babban laifi ya miƙa wa alƙali mai bincike, wanda ke riƙe da fayil, ke kiran shaidu, ke naɗa gwani. Ta wannan ƙofar jarumarki za ta shigo: masaniyar halayya da alƙali ya naɗa, ko likita, ko tsohon jandarman da ya yi shekaru a daji tsakanin Abalak da Cintabaradan. Awa 48 na tsarewar farko a kwamisariya ma agogo ne mai kyau da za ki rataya a kan babi guda.

Abokin gabarta na farko ba mai kisan ba ne, lokaci ne. Mu Musulmi muna gaggauta sutura. Kafin jami'i ya iso a kan babur, jama'a sun taru sun tattake wurin, wani mai tausayi ya rufe gawar, an ɗauke ta, an wanke, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Dangi ba su son a yanka musu mamaci, za su ce kwana ne ya ƙare, a bar wa Allah. Abin da ya rage mata shi ne bakin mutane, bakin kuwa kunya ta ɗaure shi. Uwar da ta san inda ɗiyarta ke zuwa da dare ba za ta faɗa gaban maza ba. Mai wankan gawa ta ga tabon igiya a wuya, amma an koya mata cewa abin da aka gani a wurin wanka amana ne. A wurinta jarumarki za ta zauna, kan tabarma, ta yi gaisuwa uku kafin ta yi tambaya ɗaya. Moussa Konaté na Mali ya gane wannan. A littafinsa na 2006 da ya kai kwamishina Habib ƙasar Dogon, shirun mutanen gari ya fi komai ba jami'in wuya.

Kuma ke ƴar Tawa ce, kina da abin da marubucin Amurka ba shi da shi. A Adar saurayi kan tafi bida, Abijan ko Libiya, a yi shekara biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, ba wanda zai je kwamisariya. Mai kisan da ya fahimci haka zai daɗe yana ɓarna, don ba a ma san an rasa kowa ba. In kuma gawarwaki suka fara bayyana, gari ba zai jira bincike ba. Za a ce ƴan shan jini, za a ce mayu, yatsa zai nuna tsohuwar da ba ta da kowa ko mai taɓin hankalin da ke kwana a tasha. A nan ina roƙonki abu ɗaya: kada ki mai da mai taɓin hankali shi ne mai kisan. Mafi yawansu ba su cutar da kowa, su ake cuta. Ya ishe su abin da ake yi musu, a ƙasar da sunan Pavillon E kaɗai, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, kan hana mutum zuwa neman magani. Mutumin da na zauna da shi a gidan kaso yana sallah a sahun gaba.

Ciwon jarumarki ma ya zama namu. Na Turawa yakan kulle kansa a ɗaki shi da kwalba. A nan ba a barin mutum shi kaɗai, saboda haka cikin taro za ta sha wahalarta. Tana gidan suna a miƙo mata jariri, hannunta ya ɗauki rawa. Uwar miji ta ce wannan aikin gawa ne ya jawo mata iska, a kawo rubutu a kawo hayaƙi. In namiji ne, ya zauna a fada har a zagayo da shayi na uku bai ce uffan ba, abokai su fara cewa girman kai ya shige shi. Sannan ki bari ciwon ya sa ta yi kuskure. Rashin barci ya sa ta ga abin da take son gani, ta nuna wanda bai ji ba bai gani ba. A Ingila an biya Stagg diyya. A Tawa ko an sake shi, ba mai sayen kayan shagonsa, ba mai neman auren ɗiyarsa, kuma jarumarki za ta riƙa haɗuwa da matarsa a wurin biki.

Da ni ne ke, da safiyar Lahadi zan buɗe littafin, ranar kasuwar Tawa, motoci na sauke albasa da awaki. Wata tsohuwa ta tsaya gaban mai tsofaffin kaya tana kallon wani takalmi, ta ɗaga shi ta juya, ta ga ɗinkin da ta kai aka yi wa ɗanta kwana biyu kafin ya ce mata ya tafi Abijan. Ki rubuta wannan babin ki aiko mini, mu ga wa za ta fara faɗa wa.